Wasiƙa daga Ingila: gidan da aka lulluɓe da ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina fatan kowa yana lafiya, da iyali da yara. Gaisuwar a taƙaice yau, don tambaya ce ta zaunar da ni. Tun da na ba da labarin gidajen da na je na gani, waɗanda aka binne bayansu da rufinsu a ƙasa, saƙonni ba su yanke ba. Wasu na tambaya ko talauci ne, wasu ko tsoron yaƙi. Wata yayarmu ma cewa ta yi ita ba za ta iya runtsawa a wurin da ya yi kama da kabari ba. Zan amsa muku, in lokaci ya bari kuma in taɓo gidajen ciyawa na ƙasar Aislan da wahalar samun bashin banki a kan irin wannan gini.

Amma sai kun san sanyin ƙasar nan tukuna. Sanyi ne mai laima, mai shiga ƙashi. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Gidan da muke haya tsohon ginin jan bulo ne, bangonsa ba a sa masa abin riƙe ɗumi ba. Ka kunna hita ɗaki ya yi ɗumi, ka kashe, kafin awa guda ya koma kamar ba a taɓa kunnawa ba. Kullum da asuba sai na ɗauki tawul na goge ruwan da ya taru a gilashin taga, in matse shi a bokiti. Ranar da na janye kabad ɗin kaya na ga bangon ya yi baƙi ƙirin da funfuna, daidai kan gadon ƙaramar 'yarmu mai fama da tari, raina ya ɓaci sosai. Sau uku ina rubuta wa mai gidan, amsarsa ɗaya: a riƙa buɗe taga. A buɗe taga a watan Janairu, ɗumin da ka saya da kuɗinka ya fice. A 2022 kuwa, da yaƙin Rasha da Yukren ya sa kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, har tsoron buɗe takardar kuɗin wuta nake yi.

Da wannan zuciyar na je Hockerton, wani ƙauye a gundumar Nottinghamshire, inda aka kammala gidaje 5 a jere a 1998. Idan ka zo ta baya tudun ciyawa kawai za ka gani. Sai ka zagayo ta kudu ka tarar da doguwar barandar gilashi tana kallon tafki. Ba su da irin tukunyar gas ɗin da ke ɗumama gidajenmu. Hasken rana ke shiga ta gilashi, kankaren bango da daɓe su sha ɗumin, da dare su sake shi a hankali. Na cire safar hannu na dafa bangon ciki. A bushe yake, kuma bai ɗauke min hannu da sanyi ba kamar namu.

Sirrin ba wani mai nisa ba ne. Iska tana canzawa dare da rana, amma ƙasa ba ta gaggawa. Idan ka yi ƙasa 'yan mitoci, zafinta yana tsayawa kusa da matsakaicin zafin wurin na duk shekara. A nan bai wuce digiri 10 zuwa 11 ba. Wato ƙasar ba ɗumi gare ta ba, har yanzu sai an sa abin riƙe ɗumi tsakaninta da bango. Sai dai gidan da ya jingina da digiri 10 bai yi kama da wanda iska mai ƙanƙara ke duka ta ko'ina ba. Amurkawa ma sai da man fetur ya yi tsada a 1973 suka waiwayi irin wannan gini da gaske.

Ku da zafi ne damuwarku, wannan ya shafe ku. A Coober Pedy da ke Ostireliya, inda aka gano wani dutse mai daraja da ake kira ofal a 1915, zafin bazara kan haura digiri 40, amma ɗakunan da suka fafe a cikin dutse suna zama a kusa da 23. A arewacin Sin miliyoyin mutane na zaune a gidajen da aka haƙa a jikin tudu, haka ma mutanen Matmata a Tunisiya. Duk wanda zai yi gini a wuri mai zafi, da zai tambayi mai zanen gininsa ko za a iya jingina bangon yamma da tudu, ko a tara masa ƙasa, da ya rage wa kansa kuɗin sanyaya ɗaki na shekaru. Ya sani dai inda zafin shekara ya yi yawa ƙasar ma ba ta yin sanyi sosai, dole a bar wa iska hanya.

Abin da nake tsoro shi ne wani ya karanta wannan ya kwashi ƙasa ya zuba a kan rufi. Don Allah kada a yi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin akwati mai mita guda ta kowane gefe ta kusa tan 2, sai injiniya ya lissafa kankare da rodin da za su ɗauke ta. Ruwa shi ne babban abokin gaba: a lulluɓe bango da abin hana yoyo, a sa tsakuwa da bututun janye ruwa, a guji kwari da inda ruwan ƙasa ke kusa. A wasu wuraren ma akwai iskar radon da ke fitowa daga ƙasa, ba ta da wari, tana jawo ciwon dajin huhu, sai an auna.

Gidajen Aislan kuwa, da ciyawa ke tsirowa a rufinsu, ƙarancin katako ne ya haife su. Maganarsu da ta banki sai wasiƙa ta gaba. Yanzu ƙarfe 3 da rabi, duhu ya fara, zan je ɗauko yara daga makaranta.

Wassalam, naku ɗan uwa daga Ingila.