Fad ɗin PlayStation da na Xbox: a hannun ɗan wasa da kan teburin gyara

A sana'ar gidan gem, fad, wato abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasa, ya fi na'ura cin kuɗi. PS4 guda za ta yi shekaru tana aiki muddin ana busa mata ƙura, ana kuma kare ta daga hawa da saukar wutar janareta. Fad kuwa daga safe zuwa dare yawo yake hannu zuwa hannu: mai gumi, mai maiƙon awara, mai haƙuri, da wanda in an zura masa ƙwallo a minti na 90 sai ya doka shi a benci. Shagonmu yana Samaru, teburan wasa a gaba, teburin gyara a ciki, masu shigowa kuma yawancinsu ɗaliban ABU ne da samarin unguwa. Ƙwallo ce kasuwarmu, FC da eFootball, sai 'yan Mortal Kombat da tseren mota jefi-jefi. Don haka in gardama ta tashi kan wane fad ya fi daɗin riƙo, na Sony ko na Microsoft, mu abu biyu muke dubawa: yadda hannu yake bayan awa biyu ana wasa, da abin da muke tararwa a ciki ranar da muka kwance shi.

Babban bambancin yana wajen zaman analog na hagu, wato 'yar sandar da ake juyawa da babban yatsa. Tun DualShock na farko a 1997 Sony ta jera analog biyu a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, ta bar madannan kibiya a sama. Microsoft kuwa tun Xbox na 2001 ta haura da analog na hagu sama, kibiyoyin suka sauko. A wasan ƙwallo babban yatsan hagu ba ya sauka daga analog tun daga busa usur har a tashi. A fad ɗin Xbox yatsan a miƙe yake kwance, daidai inda zai faɗa da kansa in ka damƙi fad ɗin. A na PlayStation sai ya karkato ciki ya sauko ƙasa. A wasa ɗaya ba za ka ji komai ba. Sai an kai na huɗu ko na biyar za ka ga mai babban hannu yana yarfe hannu, yana murza gindin yatsa. Masu dogayen yatsu sun san wata matsalar a DualShock 4, fad ɗin PS4: in ka turo analog ɗin biyu tsakiya lokaci guda, kawunan yatsun kan yi karo.

Sai dai sabo turken wawa. Galibin masu wasa a Zariya a kan PS2 suka koyi gem, zamanin Winning Eleven, hannunsu ya ginu a kan zubin Sony. Miƙa wa irin wannan fad ɗin Xbox, ba a rufa minti biyu zai ce, “Oga, canza min, wannan ba ya jin magana.” Lafiyar fad ƙalau, yatsansa ne ke neman analog a inda babu shi. A wasan faɗa kuma gaskiya na wajen 'yan Sony, domin a can da kibiyoyi ake haɗa duka, su kuma a fad ɗin PlayStation su ne a mazaunin babban yatsa, masu laushi, ba sa ƙara. Na Xbox Series na 2020 an mayar da su faifai mai ɗan zurfi, suna amsawa daidai, amma kowace dannawa sai ta yi ƙas, kuma dole yatsa ya sauko ya same su.

DualShock 4 nauyinsa wajen giram 210 ne, DualSense na PS5 wajen 280, na Xbox ma in an zuba masa batir kusan nan yake da DualSense. Giram 70 a baki ba wani abu ba ne, amma yaro ɗan firamare da ya shigo da kuɗin tara yana jin sa. DualSense ya fi faɗi, ƙahonninsa sun fi tsawo da kauri, yana cika tafin babba dam, ƙaramin hannu kuwa sai ya saki riƙo kafin ya kai manuniya kan madannin L1 da ke kafaɗar fad ɗin. Microsoft ta ɗan rage jikin fad ɗin Series, ta ce ta auna har da hannun yaro ɗan shekara 8, kuma ana jin haka a kafaɗunsa da aka zagaye.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da fanka ke kaɗa iska mai zafi, gumi ne alƙali. Bayan fad ɗin Series da kan tirigoginsa, wato madannan da ake ja da yatsa a kafaɗun fad, duk ɗige-ɗige ne masu kama yatsa, shi ya fi zama a jiƙaƙƙen hannu. DualSense ma yana da kaushi a baya, wanda in ka kai ido kusa za ka ga ƙananan alamomin PlayStation ne, alwatika da da'ira da kuros da murabba'i, aka cusa dubbai. Ado ne mai kyau, amma farar roba ce, dauɗa kuma a tsakanin alamomin take kwanciya har bayan ya koma ruwan ƙasa. Tsumma ba ya fitar da ita. Tsohon buroshin haƙori ake sa wa sifirit kaɗan a goga a zagaye.

R2, tirigan dama na fad ɗin PlayStation, shi ne madannin da ya fi shan wahala, saboda da shi ake gudu a FC, wasu kuma ba sa ɗaga yatsa daga kansa har a tashi. A DualShock 4 abin da ke mutuwa ɗan siririn sifirin ne, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke dawo da tirigan, ko robar da ke ƙarƙashinsa ta yage. Gyaran minti goma ne, kayan kuma araha. DualSense wani labari ne. A bayan kowane tiriga akwai ƙaramin inji da haƙoran roba da ke tura wani ɗan hannu ya tokare shi, shi ya sa yake tauri ko ya saki gwargwadon abin da ke faruwa a wasan. Tun FIFA 21 (FIFA shi ne tsohon sunan FC) a PS5, in ɗan wasanka ya gaji R2 sai ya ƙara tauri. Wanda bai sani ba zai ɗauka fad ya lalace, ya danna da ƙarfin tsiya, a nan sifirin ke tsinkewa ko haƙoran su ci juna. A kowace PS5 ta haya muna shiga saitin fad mu kashe wannan taurin, mu rage jijjiga. Mai na'urarsa a gida ya bar abinsa, don a tseren mota da wasan harbi daɗinsa ba kaɗan ba ne. Tirigan Xbox da maganaɗisu yake auna dannawa, babu abin da ke gogar wani, da wuya ka ga ya mutu. Raunin Xbox yana sama da shi, a LB da RB: siririyar roba ce ke danna wani ɗan makunni a fanel, wato allon lantarkin da ke cikin fad, in fad ya faɗi ta kafaɗa ko dai robar ta karye ko makunnin ya daina amsawa.

Batun wuta a garin nan ba sai an faɗa ba. Batirin DualShock 4 mAh 1000 ne, na DualSense 1560, amma jijjigarsa da tirigoginsa da makirfo suna shanye ƙarin, ba ya kai yinin kasuwa. Na Xbox batir AA biyu yake ci. Mutane na raina wannan, su ce tsohon yayi ne, amma ga mai shago alheri ne: ka tanadi masu caji saiti biyu ga kowane fad, ɗaya a ciki ɗaya a caja, in ya mutu ana tsakiyar wasa cikin daƙiƙa kaɗan an canza. Abin kiyayewa kawai kada a bar batir mai araha ya kwana biyu a ciki, yana zubar da ruwa ya ci ƙarafunan. Fad ɗin Sony kuwa in caji ya ƙare sai a jona waya a ci gaba, wayar nan kuma ita ke kashe bakin cajin DualShock 4, domin micro-USB ne, ɗan wasa na jan sa duk lokacin da ya zabura. Sa'ar da aka yi bakin cajin a kan ɗan fanel nasa yake daban, ana canza shi ba tare da dalma ba. Sai dai a duba lambar babban fanel kafin a saya: JDM-001 fileks ɗinsa, wato faffaɗar wayar da ke haɗa shi da fanel ɗin caji, mai ƙafa 14 ne, su JDM-030 da 040 da 055 masu 12 ne, kuma ko su ɗin zubin fanel ɗin cajinsu ba ɗaya ba ne. A yi caji da caja mai bayar da volt 5 tsayayye, ko a jikin na'urar.

Ciwon da ya haɗa su duka shi ne jan analog, wato ɗan wasan da ke cikin gem ya riƙa tafiya ba wanda ya taɓa analog. A nan gardamar Sony da Microsoft ba ta da amfani, don in ka buɗe su kusan kaya iri ɗaya za ka gani, samfurin kamfanin ALPS na Japan. Kowane analog yana da ma'auni biyu a gefensa, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. A cikin kowanne akwai zoben baƙin kabon da wani ɗan ƙarfe ke gogawa a kai. Kamfanin ya ƙiyasta masa juyi miliyan 2, wanda a gidan gem ba ya daɗewa. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana gaggauta abin: tana bi ta ƙarƙashin hular analog, ta haɗu da garin robar da wuyan sandar ke saki in yana gogar bakin rami, su zama kamar yashi a kan kabon ɗin.

Ba a fara gyara da dalma. A jona fad a kwamfuta a duba inda analog yake tsayawa in an sake shi. In yana rawa kusa da tsakiya, datti ne: a buɗe, a ɓalle murfin ma'aunin a hankali da bakin allura, a goge zoben da auduga da sifirit, a bari ya bushe. Kada a fesa man da ake sa wa kwaɗo ko sarƙar babur, yana kama ƙura ya ƙara ɓata shi. In zoben ya nuna layi mai haske inda ƙarfen ya cinye shi, sai canji. Ma'auni ɗaya ƙafa 3 ne kawai. In sandar ce ta saki ba ta komawa tsakiya, ko dannawar L3, wato danna analog ɗin ƙasa, ta mutu, analog ɗin gaba ɗaya za a cire, ƙafa 14: shida na ma'aunai, huɗu na makunni, huɗu na gindin ƙarfe. Waɗannan huɗun na ƙarshe su ke shan zafi. A sa ayan, ƙarfen narka dalma, wajen digiri 350, a ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwa kafin a zuƙe, kada a ja sai kowace ƙafa ta saki, in ba haka ba layin fanel ya taso, aikin awa ɗaya ya zama na yini. Kuskuren da yaran gyara suka fi yi shi ne sa ma'aunin DualShock 4 a DualSense don sun ga kama ɗaya. Awon juriyar wutarsu ba ɗaya ba ne: na Xbox da na galibin DualShock 4 10k ne, na DualSense wajen 2.3k.

Yanzu ana samun analog mai maganaɗisu, wanda ba ya gogar komai. Dabarar tsohuwa ce, Dreamcast na Sega ya yi amfani da ita tun 1998. Ya fi tsada, kuma bayan an ɗora dole a saita tsakiyarsa a kwamfuta, amma ga fad ɗin haya kuɗinsa na fita. Sony ta fitar da DualSense Edge a 2023 wanda ake zare analog ɗinsa a sa sabo ba dalma, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin teburin haya, batirinsa ma ya fi na DualSense ƙanƙanta.

Wajen kwancewa DualShock 4 ya fi kowa sauƙin kai: noti huɗu a baya, sukundireba PH00, a kula da fileks ɗin caji lokacin raba murfi. DualSense sai an ɓalle baƙar robar gaba da L1 da R1 kafin notinsa huɗu su bayyana, 'yan ƙugiyoyin kuma saurin karyewa gare su. Xbox noti biyar ne, biyu a ƙarƙashin kowane murfin ƙaho, ɗaya a ɓoye bayan takardar gidan batir, kuma sai da sukundireba T8 mai rami a tsakiya. A ciki fanel biyu ne a haɗe da wayoyin injinan jijjiga da aka liƙa da dalma, shi ya sa ladan gyaran analog ɗinsa ya fi.

Jabun DualShock 4 ya cika kasuwa, kwalinsa har ya fi na asali sheƙi. A hannu ya fi sauƙi, analog ɗinsa yana tsalle maimakon ya bi a hankali, faifan taɓawa sau da yawa dannuwa kawai yake ba ya bin yatsa. Gara na asali na hannu da aka canza wa analog da sabon jabu. A kuma sani DualSense ba ya aiki a PS4, DualShock 4 a PS5 wasannin PS4 kaɗai yake yi, alhali fad ɗin Xbox One yana hawa Series kai tsaye.

Fad ɗin Pro na Nintendo Switch ba mu cika ganinsa ba sai wajen gyara. Yana da daɗin riƙo, cajinsa na kai awa 40, amma tirigoginsa, ZL da ZR, dannawa ɗaya suke ba a hankali ba, A da B kuma a juye suke da na Xbox.

In don hannu kaɗai ne, musamman babba mai doguwar zama a kan ƙwallo ko mai wasa a kwamfuta, na Xbox Series muke nuna wa mutum. DualSense na mai PS5 ne a ɗakinsa, wanda zai wanke hannu kafin ya ɗauka. Teburan haya kuwa galibinsu har gobe DualShock 4 ne a kansu, sigar 2016 mai layin haske a saman faifan taɓawa, saboda masu wasa sun saba da shi, kayan gyaransa kuma ana samu daga Kano ko Alaba ba wahala. Kowane tebur fad uku muke ware masa, biyu a hannu ɗaya a caji, da daddare kuma a goge su a rufe cikin akwati saboda ƙura.