Ku bar ƙashin inda yake

Koyar da kimiyya a firamare ya nuna mini cewa idon yaro ya fi na babba kaifi, amma hannunsa ba ya da haƙuri. Da ya hango abu ya leƙo daga ƙasa, sai cafka. Shi ya sa idan muka zo darasin dainoso, wato dabbobin nan na zamanin da da suka ɓace tun miliyoyin shekaru, nakan fara da labarin wasu yara uku a Dakota ta Arewa, a Amurka.

A watan Yulin 2022, yaran, masu shekara 7, 9 da 10, suna yawo cikin tsaunuka suka ga dogon ƙashi ya fito daga jikin dutse. Ba su tumɓuke shi ba. Hoto aka ɗauka aka tura wa Tyler Lyson, masanin ƙasusuwan dabbobin da a gidan tarihi na birnin Denver. Filin na gwamnati ne, don haka sai da shekara ta zagayo, izini ya fito, sannan aka koma haƙa tare da su. Da farko an zaci dainoso mai bakin agwagwa ne, irin da ya cika yankin. Ana share ƙasa da buroshi sai ga muƙamuƙi da manyan haƙora: matashin T. rex ne, wato ƙaton dainoso mai cin nama, mai kimanin shekara miliyan 67 a binne.

Jiran nan na shekara guda shi nake so ɗalibaina su kama. Ƙashin da ya zama dutse yana da saurin rugurgujewa, kuma rabin labarinsa na cikin ƙasar da ya kwanta: wane shimfiɗin dutse ne, ina kan ya fuskanta, me ke gefensa. Saboda haka ake naɗe shi da tsumma da filasta, a ɗauke shi da ƙasarsa. Na Dakota ma jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗaga shi.

A aji nakan binne ƙasusuwa cikin akwatin yashi, in ja zare in raba shi gida-gida. Abin mamaki, zakarun amsa tambaya su ke fara gajiya. Wata yarinya da ba a jin muryarta ta durƙusa tana hure yashi da baki, ƙashin haƙarƙari na fitowa kaɗan-kaɗan.

Dokar ita ce a zana kafin a taɓa. Sun tsani wannan doka. "Malam, ai ga shi nan muna gani!" Ni kuwa sai na duba zanen na sa hannu, sannan ƙashi ya fito.