Zinariyar Asante da na gani a Manhyia

Tun daga Kano na ƙudura cewa in na taka Kumasi sai na shiga gidan tarihin fadar Manhyia, wato fadar Sarkin Asante a Ghana, saboda kayan zinariyar da aka dawo da su daga Ingila a 2024. Mai masaukina a unguwar Aboabo, dattijo ne mai fataucin goro, ya ce, "Ɗana, duk nisan nan don kallon abin da ke cikin gilashi?" Amma da safe, bayan koko da ƙosai, shi ya haɗa ni da jikansa, ya hana ni fitar da ko sisi na mota. "Baba, ai ya yi yawa," na ce. Ya ce baƙo ba ya biya a gidansa.

Turawa ne suka gina gidan a 1925 domin Sarki Prempeh na ɗaya, bayan ya dawo daga tsibirin Seshel inda suka kai shi zaman talala. A 1995 aka mayar da shi gidan tarihi. Mutum-mutumin sarakuna na zaune cikin kente, saƙin gargajiyar Asante, sai ka rantse za su yi magana. Na tuna Gidan Makama, raina ya sosu. Muna da kayan, kulawar ce ba mu kai su ba.

A gaban zinariyar na daɗe. Akwai takobin sarauta, da lofe na zinariya, da faya-fayan da bayin fada ke ratayawa a ƙirji, zanensu siriri, duk aikin hannu. Yawancinsu sojojin Ingila ne suka kwashe, tun daga yaƙin 1874 da suka ƙone Kumasi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne guda 32 da suka zo daga Landan aro ne, na shekara uku. Kayan kakanninka, a ba ka aro! Har yau na kasa haɗiye wannan.

A kasuwar Kejetia kuwa tsada ta ba ni mamaki. Wata mai kente ta faɗi kuɗi, jikan Baba ya juya harshe zuwa Tuwi, nan take aka zabge kusan rabi. Da la'asar na leƙa masaƙan kente na garin Bonwire, washegari na hau motar Akara.