Abin da Mayar da T-55A Zuwa Type 59 Ya Koya Mini

Kwalin haɗa ƙaramin samfurin tankar yaƙi yakan zo da komai a kammale: ɓangarorin roba masu lamba, takardar da ke nuna wanne ke shiga cikin wanne, har da alamomin da za a manna a jiki. Duk mai haƙuri da natsattsen hannu zai iya bin takardar nan ya fito da abu mai kyau, ya kuma gama bai san dalilin ko ƙusa ɗaya da ke jikin motar ba. Na daɗe ina wannan haɗe-haɗen da yamma idan na taso daga makarantar da nake koyar da zanen injiniya a nan Kaduna. Amma sai da na ɗauki kwalin wata tanka na ƙuduri mayar da ita wata daban, sannan aikin ya fara ba ni abin da zan iya shiga da shi aji.

Irin waɗannan kwalaye ba kayan da ake tsinta a kasuwar Gumi ba ne, sai an yi saƙo. Yayana ne ya zo mini da guda biyu iri ɗaya daga tafiya, samfurin T-55A, tankar Tarayyar Sobiyat, na kamfanin Tamiya na Japan, a ma'aunin 1/35, wato an rage girmanta sau 35. Na haɗa ta farko yadda takarda ta ce. Ta biyun kuwa ban ga amfanin maimaitawa ba, don haka na zaɓi in mayar da ita Type 59 ta ƙasar Sin, musamman wadda ke ɗauke da lamba 390, wadda ta bangaje babbar ƙofar fadar shugaban Kudancin Biyetnam a Saigon ranar 30 ga Afrilu, 1975, ranar da yaƙin Biyetnam ya zo ƙarshe.

A ido, ƴan gida ɗaya ne. Type 59 kwafin T-54A ce ta Tarayyar Sobiyat, wadda Sinawa suka fara ƙerawa a masana'antar Baotou a ƙarshen shekarun 1950. T-55 ta fito a 1958 daga jikin ita T-54 ɗin, T-55A kuma ta biyo baya a farkon shekarun 1960. Dukkansu suna da igwa mai faɗin baki milimita 100, tayoyin ƙarfe biyar a kowane gefe da tazara tsakanin ta farko da ta biyu, nauyin kusan tan 36 zuwa 38, da mutum huɗu a ciki. Manyan bambance-bambancen a ciki suke: injin T-54 ƙarfin doki 520 ne, na T-55 kuwa 580, waccan tana ɗaukar harsashin igwa 34, wannan 43. Mai haɗa samfuri ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. Abin da yake gani shi ne ƴan alamun da suka bari a waje, kuma aikin duka yana cikin karanta alamun nan.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ƴar ƙubbar iska. A saman kan T-54 da Type 59, wato ɓangaren da ke juyawa da igwa, ta gefen dama a gaban murfin mai ɗura harsashi, akwai wani ɗan kumburi zagayayye da ke rufe da fankar shan iska. T-55 ba ta da shi. Ina iya yin ƙubbar in manna in wuce, amma na tsaya neman dalilin da ya sa injiniyoyi za su cire mashigar iska daga akwatin ƙarfen da mutum huɗu ke zaune a ciki tare da hayaƙin igwa. Amsar ita ce makamin nukiliya. An ƙera T-55 ne da tsarin da zai rufe kafofinta idan bam ɗin ya tashi, ya kuma riƙa tura tatacciyar iska ciki yadda ƙura mai guba ba za ta samu hanyar shiga ba. Buɗaɗɗiyar kafa a saman kai ba ta da wuri a irin wannan tsari, sai aka kawar da ita. Da aka zo kan T-55A sai aka ƙara shimfiɗar kariya daga tururin nukiliya, shi ya sa murafanta da bakunansu suka yi kauri suka tasa sama.

Da na fahimci wannan, sai jerin gyare-gyaren da na rubuta ya daina zama tarin abubuwa barkatai. Ashe ina mayar da motar ne zuwa lokacin da ba a riga an sa tsoron nukiliya a cikin lissafinta ba, kuma duk abin da tsoron nan ya haifar dole ya fita. Haka babbar fitilar gani da dare da ke gefen igwa: ta shigo ne tare da T-54B, bayan T-54A da Sinawa suka kwafa, saboda haka ita da sandunan da ke haɗa ta da igwa duk na ajiye su. Ɗan ramin bindiga mai sarrafa kanta da ke tsakiyar farantin gaba, wanda aka daina yi a T-55A, na huda shi da allura. Wanda ya san dalili yana iya hango gyaran da bai ma gani a hoto ba tukuna, ya je ya duba ya same shi. Wannan ya fi haddace jeri nesa ba kusa ba.

Cirewa ta fi ƙarawa wuya. Ƙubbar ba ta ci mini lokaci ba: na yanko gefen kofin yogot, na gasa shi sama-sama a kan kyandir har ya yi laushi, na danna shi a kan ƙwallon boris, ya ɗauki siffa, na yanke da reza. Amma kankare kaurin murafan T-55A wani abu ne daban. Robar kan tankar ba ta da kauri sosai, idan ka matsa da magagari sai ka ɓulla. Dole ne a fara cike bayan wurin daga ciki, a bari ya bushe sarai, sannan a riƙa ci kaɗan-kaɗan ana dubawa a gefen haske. Bayan an gama kuma sai wata matsala ta fito: inda aka goge da samfefa ya yi sumul, alhali sauran jikin yana da kaushi.

Kaushin nan ba ado ba ne. Kan tankar zubi ne, an narka ƙarfe an zuba a mazubi, gangar jikin kuwa faranti ne da aka haɗa da walda. Fatar biyun ba ɗaya ba ce, kuma wanda bai taɓa ganin zubi da idonsa ba zai yi ta yaɓa kaushi ko'ina daidai wa daida, abin ya fito kamar ƙuraje. Mu a Kaduna ba mu da uzuri, tunda ga Panteka. Na je wurin masu zuba tukwanen alminiyom, na zauna kusa da wani dattijo yana fasa ƙasar mazubi yana ciro tukunya da zafinta. Na nuna masa kan tankar a tafin hannuna, na ce, "Baba, so nake nan ya yi kama da nan." Ya juya shi, ya shafa da babban yatsa, ya ce, "Malam, ai zubi ba ya yin fuska ɗaya. Dubi nan inda mazubi biyu suka haɗu, layi ne. Nan kuma mun bi da magagari, ya kwanta. Sauran ka bar shi yadda ƙasa ta ba shi." Ya ɗauko tukunya ya nuna mini wuraren uku ɗaya bayan ɗaya. Da na koma kan hotunan tankar, sai ga su duka: fatar ƙasa, layin haɗuwa, da inda injin ya share don murfi ya zauna. Na shafa gam mai narka roba, na riƙa dangwala shi da tsohon burushi mai tauri, da ya bushe na bi da samfefa mai laushi a hankali don kawunan su kwanta. Ban taɓa bakunan murafai ba, don a tankar gaske ma sumul suke.

Sai batun awo, wanda shi ne sana'ata. A ma'aunin 1/35, mita ɗaya tana komawa milimita 28.6, mutum mai tsayin mita 1.75 kuma santimita 5 cif. Juya lissafin ka ga nauyinsa: kuskuren milimita ɗaya a kan tebur daidai yake da santimita uku da rabi a jikin motar gaske. Farantin da ka yanka daga roba mai kaurin milimita ɗaya don ya zama murfin akwatin kayan aiki, a zahiri ka ba shi kaurin sulke. Don haka siraran abubuwa da gwangwanin lemo nake yin su, hannayen riƙo kuma da zaren tagulla daga tsohuwar wayar lantarki. Inda babu zanen masana'anta, hoto nake aunawa. Faɗin tayar tankar milimita 810 ne, wato 23 da ɗan ɗigo a samfuri, to da ita nake gwada duk wani abu da ke gefe. Sharaɗin shi ne abin da ake aunawa da abin da ake gwadawa da shi su kasance nisansu ɗaya daga kyamara. Ba a auna ƙubbar da ke can saman kai da tayar da ke kusa da mai ɗaukar hoto. Sai a nemi murfin da ke kusa da ita a gwada. Ɗalibaina sun fi saurin kama wannan da samfurin a gabansu fiye da duk bayanin da na taɓa yi a allo.

Kayan aiki ba su da wani sirri. Robar kwalin polistirin ce, kuma gam ɗinta narka ta yake yi ya haɗe, don haka sai irinta yake kamawa. Duk kofi ko murfin da ke da lamba 6 a cikin alamar kibiyoyi uku a gindinsa, ɗan gida ne. Tsohon katin banki wata roba ce daban, sai da sufa gulu. Babban rami kuma filar masu gyaran bodin mota tana cike shi. Fenti dai a guje masa da hunturu idan ba a da akwatin rufewa, don ƙurar Disamba da Janairu tana sauka a kansa tun bai sha iska ba.

Akwai abin da nake so in ja kunnen masu tasowa a kai. Kaduna garin soja ne: ga makarantar horon hafsoshi ta NDA da masana'antar makamai ta DICON da ke Kakuri, duka tun 1964, ga hedikwatar Runduna ta Ɗaya, ga Jaji a hanyar Zariya. Sojan Najeriya ma suna da T-55, kuma mutum zai iya cin karo da motar sulke a hanya ko a bakin bariki. Kada sha'awa ta sa ka ɗaga waya. Halin tsaron da muke ciki bai bar wurin wannan ba, kuma masu gadin suna da hujjarsu. Hotunan da aka riga aka wallafa sun wadatar. Su ma a yi hattara da su, domin tankar da ta yi shekaru tana aiki an sha yi mata garambawul, T-54 da yawa an sa musu kayan T-55, na gidajen tarihi kuma wani lokaci da abin da aka samu ake cike giɓinsu. Idan ka tattaro alama ɗaya daga nan ɗaya daga can, za ka ƙera motar da ba a taɓa yin irinta ba. Mota ɗaya, a rana ɗaya, ita za ka riƙe. Shi ya sa na tsaya a kan 390 da hotunan ranar nan, duk wani hoto na daban sai dai ya taimaka mini gane siffa.

Ana sayar da ɓangarorin canji da aka riga aka zuba, har ma da cikakken kwalin Type 59, kuma ban ga laifin wanda ya saya ba. Sai dai a ganina ya sake komawa bin takarda, takardar ce kawai ta canza.

A aji ba tanka nake ba yara ba, Pijo 504 nake ba su, tunda a Kakuri aka riƙa haɗa ta kuma kowannensu ya taɓa shiga. Ina raba musu zanen gefen salun, in ce su mayar da ita a-kori-kura. Kusan kowa yakan yanke rufin baya ya zana akwatin kaya ya kawo. Sai in tambaya, wa zai ɗauki nauyin buhunan? Nan ake fara aikin. Tazarar tayoyin gaba da na baya a salun mita 2.74 ce, a a-kori-kura kuwa mita 3, kuma bayanta a kan sifirin mai faranti yake zaune don ya jure lodi. Tsawon ya ƙaru, to sandar da ke kai juyin injin zuwa tayoyin baya ma sai ta ƙaru, haka bututun birki da salansa. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ina tayar safaya za ta koma, tunda but ɗin ya tafi?" Ban sa wannan a cikin tambayoyin da na shirya ba. Na ce kowa ya je ya leƙa ƙarƙashin a-kori-kurar farko da ya gani a fake, ya nemi izinin mai ita, ya auno wurin da rula, ya zo da zanensa a ma'aunin 1/20 ranar Litinin.