Wasiƙa daga Ingila zuwa ga likitocin gashin ƙashi da jama'ar Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina rubuto muku ne daga Bradford, inda nake aikin gashin ƙashi, wato taimaka wa marasa lafiya su dawo da motsin jikinsu, a yanzu, bayan shekarun da na yi a kan wannan aiki a wani asibiti a Jos. Dalilin wasiƙar kuwa wani dattijo ne da ɗansa, waɗanda har yau ban daina tunawa da su ba.

Ɗan ne yake kawo shi daga Unguwar Rogo a keke napep sau biyu a mako, saboda shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ya jawo masa. Na yi kusan wata uku ina miƙar masa da hannu, ina koya masa tashi daga kujera, har Allah Ya sa ya fara takawa da sanda. Duk tsawon wannan lokaci ɗan yana tsaye a gefena riƙe da takalman mahaifinsa, mutum mai jiki wanda ya haura arba'in, warin taba na tashi daga rigarsa, ga kuma na'urar awon jini a kan teburina, amma ko sau ɗaya ban ce ya miƙo hannu in auna shi ba, alhali na san hawan jini yakan bi dangi.

Ilimin dai akwai shi. Tun 1966 Jami'ar Ibadan take koyar da wannan fanni a matakin digiri, kuma duk abokin aikin da ka tambaya zai ce maka wayar da kan jama'a a kan lafiya haƙƙi ne a wuyansa. Wajen aikatawa ne gizo ke saƙa. Layi yana da tsawo, ma'aikata kaɗan ne, katin mara lafiya ba shi da gurbin da za a rubuta ko yana shan taba ko yana motsa jiki. Sunan da muke kiran aikin da shi ma, a ganina, ya ƙara ɗaure mu, domin wanda ya biya kuɗin "gashi" so yake ya ji ɗumin fitila a bayansa, in ka zaunar da shi kana yi masa bayanin abinci sai ya fita yana cewa yau surutu kawai aka yi masa.

A nan Ingila an nemi kowane ma'aikacin lafiya ya ɗauki duk haɗuwarsa da mara lafiya a matsayin damar yin gajeriyar nasiha. Ban ga sun fi mu ƙwaƙwalwa ba. Tambayoyi ne irin su shan taba da motsa jiki aka sa a takardar da nake cikewa, don haka nake yin su ko na gaji.

Abin da za a faɗa kuma ba shi da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa a kwana biyar, gishiri kuma ya kasance ƙasa da giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali guda. Aikinmu shi ne mu mayar da wannan abin da mutumin Jos zai iya: ya sauka daga keke napep kafin ya kai kasuwar Terminus ya ƙarasa da ƙafa, ya taka zuwa masallaci ko coci. Maganar gishiri da magi kuwa da uwargida ya kamata a yi ta, tunda ludayin yana hannunta, kuma sau da yawa ita ce ke zaune a bakin ƙofa tana jiran a gama wa maigida.

Ina roƙon hukumar da ke ba mu lasisi da ƙungiyarmu ta ƙasa su duba yadda za a sa waɗannan tambayoyi a katin kowane mara lafiya, domin gangamin ranar 8 ga Satumba, ranar masu wannan aiki ta duniya, sau ɗaya ne a shekara. Ku kuma masu rakiyar marasa lafiya, idan an gama da wanda kuka kawo, ku naɗe hannun riga ku ce, "Likita, ni ma a auna ni."

A gaida mutanen gida da sanyin Jos.

Naku,
ɗan'uwanku a Bradford.