Mai Albasa Ce Ta Kashe Min Ɗan Ina-da-kisa

Har yau in na ratsa ta wajen masu albasa a kasuwar Kejetia ta Kumasi sai raina ya sosu. Sati biyu na yi ina gina mutumina na wasan Dungeons & Dragons, wasan labari da ake yi a kan takarda, dare huɗu kacal muka yi wasa da shi, sai ga wata tsohuwa mai kasa albasa, wadda ko suna mai jan wasan bai raɗa mata ba, ta zama ajalinsa.

Ran Asabar bayan isha'i muke haɗuwa a ɗakin Yaya, ɗan kawuna, a Aboabo, mu biyar da butar ataya. Shi ya dawo daga Ingila da littattafan Advanced Dungeons & Dragons, tsoffin dokokin nan na Gary Gygax, bugun da aka maimaita a 2012, kuma shi ke jan wasan. Tun ranar da na buɗe littafin 'yan wasa na 1978 idona ya faɗa kan ɗan ina-da-kisa. Tsohon hannu ne a wasan, tun 1975 ya fito a ƙarin dokokin Blackmoor, a bugu na biyu na 1989 kuma aka cire shi daga babban littafi. Wannan ma ya ƙara min kwaɗayi. Na ce abin da aka ji tsoro har aka cire, ai shi ne nawa.

Jefa dayis, 'yan ƙwayoyin nan masu lambobi da ke yanke komai a wasan, bai ba ni wahala ba. Ana son ƙarfi 12, basira 11, zafin nama 12, na samu har da rara. Na yi shi ruwa biyu, rabi mutum rabi ork, wani irin dodo na wasan, saboda yana gani cikin duhu kuma babu shingen da zai hana shi kai wa mataki na 15, inda ake kiran mutum Kakan Makasa. Na sa masa suna Ɗan Duhu. Makin ransa huɗu, in suka ƙare ya mutu. Na jefa kuɗin farawa, zinari 70 suka fito. Sulken fata 5, wuƙa 2, 'yan tarkace, sauran kusan duka na zuba a kan dafi.

Dafin nan. Dafin nan shi ne.

Yaya ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka karanta wurin nan har ƙarshe?" Na ce na karanta. Ƙarya nake. Na ga layin da ya ce ɗan ina-da-kisa na iya riƙe kowane makami, ya ɗauki garkuwa, ya shafa dafi, daga nan na rufe littafi na shiga mafarki. Ko Hajiya sai da ta leƙo ta taga daren nan, don ta ji ana cinikin dafi a ɗakin ɗanta. Da ƙyar muka shawo kanta cewa duk a takarda ne.

A dare na huɗu aka ba Ɗan Duhu aikin farko: wani magatakardan mai karɓar haraji, mutum gama-gari, ba mayaƙi ba. A jadawalin kisa da ke littafin mai jan wasa na 1979, ɗan mataki na ɗaya in ya shammaci irin wannan mutum, damarsa hamsin cikin ɗari ce, kuma in ta faɗa daidai an gama, ba a ma lissafin makin rai. Na bi shi cikin kasuwar garin. Ya tsaya yana taya buhun gishiri. Ni kuma don nuna iyawa na ce na zare wuƙata, na riƙe ta a gefen cinya, ina jiran ya sunkuya.

Yaya ya ajiye kofin atayarsa. "Ka zare ta?"

"Na zare, Yaya."

"Mai dafin?"

Da ina da wayo, da a nan na ji ƙanshin mutuwa. Sai ya ɗauki fensir ya fara ɗiga alamomi a kan takarda kewaye da ni, ɗaya, biyu, har bakwai. Ashe doka ta ce duk wanda ba ɗan sana'ar ba, in yana cikin tazarar ƙafa goma da makami mai dafi da aka zare, yana da kashi 10 cikin ɗari na lura da shi a zagayen farko, 20 a na biyu, 30 a na uku, haka yake ta hawa. Kuma kowa da nasa jifan. Zagaye ɗaya a wannan wasa minti ɗaya ne. Daga baya na zauna na buga lissafin a waya, don baƙin ciki ya hana ni barci: mutum bakwai, a minti na farko kaɗai an fi rabi za a gan ka, zuwa ƙarshen minti na biyu kuwa sau tara cikin goma asirinka ya tonu. Ni da na je neman hamsin cikin ɗari, na tsaya tsakiyar kasuwa ina raba wa jama'a tasu damar.

Minti na farko na sha. Na biyu, dayis na mutum na biyar ya nuna 14, ƙasa da 20 ɗin nan. "Tsohuwa mai albasa," in ji Yaya, "ta ƙura wa hannunka ido." Ya sake jefawa don a ga abin da za ta yi, domin shi ma a rubuce yake: kashi 20 ta far maka, 50 ta yi kururuwar kiran dogarai, 30 ta haɗa duka biyu. Kururuwa ta fito. Duk wanda ya taɓa ganin abin da ke biyo bayan ihun "ɓarawo!" a Kejetia ba sai an yi masa bayani ba.

Na ce to na haye katanga. Yaya ya juyo min da littafin, ya ɗora yatsa. Ɗan ina-da-kisa yana aikin ɓarayi ne da ragin mataki biyu. Hawan bango, buɗe kwaɗo, saɗaɗawa, laɓewa a inuwa, duk sai ya kai mataki na uku kafin ya yi su kamar ɓarawon mataki na ɗaya. Ni kuwa ko maki 1,501 na shiga mataki na biyu ban haɗa ba. Makin rai huɗu, dogari uku. Sara ɗaya aka yi.

Abokan tafiyata suna can wata mashaya a bakin gari, don na ɓoye musu sana'ata, na ce musu ni ɓarawo ne kawai. Doka ta wajabta ɗan ina-da-kisa ya zama mugu, na ji tsoron kada su ƙi tafiya da ni. Sa'a ma babu wanda ya samu kwarjini 17 da zai yi faladin, jarumin nan mai tsarki da ke jin ƙanshin mugunta, da tun daren farko ya shinshino ni daga ƙafa 60. Wanda zai yi irin wannan mutumin, ya faɗa wa 'yan teburinsa a fili tun ana jefa dayis. Mutanen cikin labari su zauna a duhu in ana so, amma masu wasan su sani. Da sun sani, da mayaƙinmu na tsaye kusa da mai gishiri, ko rigima ya tayar in sulale.

Abin da ya fi cin raina shi ne dafin bai da wani aiki a wannan kisan. In jadawali ya ba ka, mutum ya mutu ko da wuƙar yankan albasa ce. Dafi sai in ka kuskure ne yake zama madogara. Na zubar da kusan duk jarina a kan madogara, madogarar kuma ta tona ni. Alhali makamin gaske yana nan ƙasan shafin da ban karanta ba: ɓad-da-kama. Ɗan ina-da-kisa in ya sake shiga, damar a gane shi kashi 2 ce kawai a yini, tana ƙaruwa da bibbiyu in ya fito a matsayin wata sana'a, wata irin halitta ko mace, ba ta wuce 8. Kwatanta 2 a yini da 10 a minti ga kowane mai ido. Da kuɗin dafin nan na sayi tsummokaran ɗan dako da rigar ɗan aike, da na shiga har ɗakin magatakardan da buhun gishirinsa a ka, na same shi shi kaɗai, wuƙa na kube sai lokacin da za ta yi aiki.

Yanzu na yi wani, mutum zalla, basira 14. Baka da kibiya yake riƙewa, yana bayan mayaƙi, ba ya tsalle ba ya hawan komai sai ya kai mataki na uku. Jakarsa cike da tufafi kala huɗu, babu ɗigon dafi. Shafin kuwa na karanta shi sau biyar, har ƙananan rubutun da ke ƙasan jadawali.

Tsohuwar na nan. Yaya ya ce sarkin garin ya ba ta tukwicin zinari goma, ta ƙara rumfa, yanzu har da tumatir. Asabar da ta wuce da muka shiga kasuwar, ƙanina mai wasa da mayaƙi ya ce, "Ko mu zagaya ta layin masu nama?" Aka kwashe da dariya har Hajiya ta sake bugo taga. Na zagaya ɗin.