Launin lambobin layi a Vim da ya ƙi zama

Yau wani ɗalibi ya turo mini hoton allon kwamfutarsa: lambobin layi a Vim, manhajar rubutu da gyara fayiloli, sun dushe har sun saje da baƙin bango. Wai ya sa "highlight LineNr ctermfg=244" a .vimrc, fayil ɗin saitin Vim, don ya mayar da lambobin ruwan toka, amma ko gezau. Layin nasa daidai ne, inda ya ajiye shi ne matsalar, don ya rubuta shi sama da layin colorscheme, wanda ke zaɓar tsarin launi. Kusan kowane tsarin launi da "hi clear" yake farawa, ya share duk launin da aka sa kafinsa, sannan ya ɗora nasa. Ko dai ka sauko da layinka ƙasa, ko kuma, wanda ni na fi so, ka rubuta "autocmd ColorScheme * highlight LineNr ctermfg=244 guifg=#808080" sama da colorscheme, ta yadda ko ka sauya tsari launinka zai dawo da kansa. Kada ka tsallake guifg ɗin nan, domin in termguicolors, saitin cikakkun launuka, na kunne, guifg Vim ke bi, ba ya ma kallon ctermfg. Lambar layin da kake kai kuwa sunanta daban, CursorLineNr, ka kunna "set cursorline" ka ba ta ctermfg=214, ruwan lemo mai haske, sai ta fita zakka cikin sauran.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Vim bai ce masa uffan ba. Ya karɓi umarnin, ya aiwatar, layi biyu a gaba ya goge shi, yaro kuma yana ta canja lambobi yana zargin idonsa.